Godiya bayan dawowarmu daga Yuganda

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Mun dawo daga Yuganda, mu tara kamar yadda muka tafi, bayan kwana 16 a wani gidan marayu da ke wajen Mukono, a kan hanyar Kampala zuwa Jinja. Yau kwana uku ke nan ina ɗaukar waya ina ajiyewa, na rasa ta inda zan fara. To, bari in fara da Ubangiji da ya kai mu ya kuma dawo da mu lafiya. Yabo ya tabbata gare shi.

Babanmu fasto da dattawan ikilisiya, mun gode da addu'ar sallama. Iyayenmu mata, barguna da gidajen sauron da kuka haɗa sun isa, da hannuna na ɗaura wasu a kan gadajen yara. Matasa, Allah ya saka muku da wahalar da kuka sha wajen cika kuɗin jirgi. Akwai kuma wata gwauruwa da ta ja ni gefe ta danƙa mini ɗan abin da take da shi, ta ce kada kowa ya ji. Mama, na riƙe alkawari, amma Allah ya san sunanki.

Godiyar da ta fi yi mini nauyi a zuciya kuwa ta matan da ke riƙe da gidan ce. Su shida ne, yara 43, kuma kowane yaro maama yake kiransu. Tun kafin gari ya waye sun hura wuta, sun yi wa ƙanana wanka, sun shanya zannuwan waɗanda suka yi fitsarin kwance ba tare da sun kunyata kowa ba. Da rana su tuƙa posho, wato tuwon masara, su dafa wake. Mu mun zo da ƙwallo da fensira masu launi da waƙoƙin makarantar Lahadi, yara suka yi ta rububinmu, abin ya yi mana daɗi ƙwarai. Amma da tsakar dare, in yaro ya firgita a barci, ba ɗayanmu yake kira ba. Ita da ta san wane ne ke tsoron duhu, wane ne ba ya cin abinci sai an zauna kusa da shi, ita yake nema.

A rana ta 11 zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni. Maaman ɗakin jarirai ce ta lura tun kafin in yi magana. Ta tare boda boda, wato ɗan acaɓa, ta zauna a bayana tana riƙe da ni har asibiti, aka yi gwaji aka ba ni maganin kwana uku. Dare biyu ta kwana a ƙasa kusa da gadona tana jiƙa tsumma tana sa mini a goshi, gari na wayewa ta koma wurin jariranta. Luganda take ji, Turancinta kaɗan ne, haka muka yi ta addu'a kowa da harshensa. Maama, weebale nnyo, wato na gode ƙwarai. Ba ni da abin da zan biya ki.

Ina kuma gode wa shugabar gidan saboda ba ta ɓoye mana gaskiya ba. Ranar da muka iso ta zaunar da mu ta kafa sharuɗɗa: ba a ɗaukar hoton fuskar yaro a sa a intanet, ba a ware yaro ɗaya a fifita shi, ba a kuma ce wa yaro "zan dawo" in ba a tabbata ba. Ta ce baƙi da yawa sun faɗa, yaran sun jira. Da farko abin ya yi mana tsauri, daga baya muka gane. Shi ya sa masu tambayata hotuna za ku ga gini da bayan yara kawai, ku yi haƙuri.

Ita ce kuma ta fahimtar da mu cewa yawancin yaran nan suna da dangi a raye, uwa ko kawu ko jjajja, wato kaka. Talauci ko ciwo ne ya raba su. Tun shekarun 1980 da cutar ƙanjamau ta yi wa ƙasar ɓarna, kakanni ne suka yi ta renon jikoki har ƙarfinsu ya ƙare. A Disambar 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri da ke kira a tallafa wa iyali su riƙe 'ya'yansu maimakon tara su a gidajen reno, kuma hanyar da wannan gida ya kama ke nan. Muna nan aka mayar da wani yaro ɗan shekara bakwai wurin kakarsa, da katifa da alkawarin kuɗin makaranta. Tsohuwar ta durƙusa tana ta shafa kansa. Duk a tafiyar nan ban ga abin da ya kai wannan ba.

Mun gode wa direbanmu da ya ɗauko mu daga Entebbe, ya kuma ratsa da mu Namugongo, inda aka ƙone samari Kirista ranar 3 ga Yuni, 1886, a zamanin Kabaka Mwanga na Biyu, sarkin Buganda. Wasunsu ba su girmi manyan yaran gidan ba. Shiru muka yi a mota har muka isa.

Ga roƙona. Masu tambaya ko za a sake tafiya baɗi, ni dai a ganina kuɗin jirgin mutum tara zai fi amfani in ya tafi ga albashin matan nan shida da makarantar yaran da aka mayar gida. Zan kawo maganar gaban dattawa ranar Lahadi bayan sujada, tare da lissafin duk abin da aka ba mu. Kafin nan ku sa wata jaririya cikin addu'a, mun baro ta tana tari, kuma har yanzu ana neman danginta.