Raƙuman dawa da gonar wake

Lokacin da na fara bincike kan yawon buɗe ido a Kure, ina ɗaliba a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, takardar tambayoyi na ɗauka mai shafi huɗu. Duk a kan baƙi take: daga ina suka fito, nawa suka biya jagora, ko za su dawo. Kure tana kusan kilomita 60 daga Yamai a hanyar Doso, kuma a yankin ne yawancin ragowar raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma suke. A 1996 ba su wuce 50 ba; kafin 2020 sun haura 600. A lokacin wannan lissafi ya ishe ni murna.

Wani dattijo ne ya gyara mini hanya. Zabarmanci yake yi, jagorana yana mayar mini da Hausa. Ya bar ni na gama karanto tambayoyina, sannan ya ce, "Ɗiyata, zo ki gani." Muka shiga gonarsa. Wake ya fara ɗaure 'ya'ya, amma rabin kunya an tsige shi, ga sawun kofato manya-manya a yashi, raɓa ba ta ma bushe a kai ba. Ya tsuguna ya ɗauki kwanson da aka tattauna ya sa mini a tafin hannu.

Na ce, "Baba, ai suna kawo kuɗi garin nan."

Ya ce, "Suna kawowa. Wa suke kawo wa?"

Daren nan ban yi barci ba. Raƙuman Kure ba a killace suke ba kamar namun Gandun Daji na W. Cikin mutane suke. Da damina suna kan tudu, da rani su gangara kwarin Dallol Boso su ci ganyen gawo, su leƙa garka su taɓa mangwaro. Manomin da ya kore su da ihu bai ɗauki makami ba, shi ne ainihin mai gadinsu, kuma babu shi a takardata ko a layi ɗaya. Na sake tambayoyin daga tushe, na yi damina biyu ina zaunawa da manoma da mata masu itace kafin na koma kan baƙi.

Sai ranar 9 ga Agusta 2020, da 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Jagororin da suka san kowane raƙumi da zanen jikinsa suka wayi gari ba aiki. Abin ya yi mini ciwo, domin duk tsarin da muka yi ta rubutawa a kan kuɗin baƙon waje muka ɗora shi.

Yanzu da nake koyarwa, nakan tambayi ɗalibaina a ranar farko: wa ya taɓa ganin raƙumin dawa da idonsa? A ajin bara, hannu uku ne suka tashi, alhali yawancinsu a Yamai aka haife su. Binciken da nake yi yanzu a kan sauran ne: me zai kai ɗan Yamai Kure da iyalinsa idan hanya ta yi lafiya, kuma nawa ne cikin kuɗin shigarsa zai isa hannun mai gonar wake.