Ɗaukar murya a gida ba wasa ba ne

Wallahi masu fara koyon rikodin a gida ina tausaya muku, don na san wannan takaicin. Ka sayi makirfo mai kyau, ka sauke manhajar ɗaukar murya ta Audacity, ka yi magana, da ka saurara sai ka ji murya tana amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya, alhali makirfon lafiyarsa ƙalau, bangon ɗakin ne ke dawo da sauti. Rataya bargo ko labule mai kauri ka ji bambanci. Sai gain, wato ƙarfin sautin da ke shigowa daga makirfo, idan sauti ya wuce 0 dB a ma'aunin ƙarfin sauti murya ta fashe kenan, gyara ba ya dawo da ita, ni dai wajen -12 nake tsayawa. Ga ƙarar fanka, ga jinkirin nan na hedifon da ke rikita mutum yana tsakiyar magana, shi kam rage buffer, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar da shi, ne maganinsa.