Wasiƙa daga Kansas City: in oga ya ce kai za ka yanke

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya gida ya iyali, Allah ya sa kowa lafiya. Saƙonninku sun taru min a WhatsApp, wannan na tambayar sanyi, wancan kuɗin haya, wani ina ake samun tuwo, amma masu shirin zuwa aiki ko karatu su tambayarsu ɗaya ce kullum, wai ya ake zama da oga a Amurka. Duk zan taɓa in Allah ya yarda, bari in fara da ta ƙarshen.

Akwai wata magana da za ku ji a bakin manajoji a nan, the buck stops here, wato magana a kaina take tsayawa, ba wanda zan tura wa. Daga wurin 'yan karta ta samo asali, akwai wata alama da suke ajewa gaban wanda rabon kati ya zo kansa, in ba ya son ɗaukar nauyin sai ya miƙa ta gaba. Shugaban Amurka Harry Truman, wanda ya yi mulki daga 1945 zuwa 1953, shi ya sa ta yi suna don ya aje ta a rubuce kan teburinsa, kuma allon yana nan a gidan tarihinsa da ke Independence, nan kusa da mu. Mutumin da ya sauke Janar MacArthur, babban kwamandan sojojinsa a yaƙin Koriya, a 1951 ana tsakiyar yaƙin kenan, jama'a suka yi ta zaginsa, bai ce wani ne ya sa shi ba. Mu in mun ce wane ke da wuƙa da nama, ikonsa muke kallo, su kuwa sun fi kallon wanda za a kama in abu ya lalace.

Shi ya sa takardunsu suke da yawa, wallahi har gajiyar da mutum suke. Komai sai fom, kowane fom sai suna da sa hannu da kwanan wata, kun gama magana baki da baki da mutum yana murmushi, kafin ka koma kujerarka imel ya shigo yana maimaita abin da kuka ce da wanda ya amince, kai ma kuma ana jiran ka amsa a rubuce. Ko hutun rabin yini kake so sai an ga sunan wanda ya yarda. Abin na cin lokaci sosai, amma ban taɓa jin an ce min umarni ne daga sama ba tare da an faɗi sunan na saman ba, kuma "oga ba ya nan, ka dawo gobe" ba ta cika aiki a nan ba, don kafin ya fita ya bar wa wani ikon sa hannu.

To ƙanina mai shirin tahowa, in manaja ya ce maka it's your call, da gaske yake, so yake ka yanke. Kar ka sunkuyar da kai ka ce duk yadda kuka gani, mu a wurinmu ladabi ne, shi zai ɗauka ba ka san aikin ba. Faɗi abin da ka zaɓa da dalilinka, in ya fi ƙarfin matsayinka ka ce ya fi, ka faɗi wanda ya kamata a tambaya.

Sanyi kuwa, a Janairu ruwa ƙanƙara yake zama a kan titi, ku sayi rigar sanyi a nan, ta gida ba za ta yi ba. Maganar haya da tuwo sai wasiƙa ta gaba. A gaida su Baba da Inna.