Idan rahoto ya ƙare da "sakacin ma'aikaci", ba a yi bincike ba

Sau da yawa idan wani ya ji rauni a wurin aiki, kalmomi biyu ne ke rufe rahoton: sakacin ma'aikaci. A ja masa kunne ko a sallame shi, injin kuwa yana nan yadda yake. A ganina, amfanin horar da masu bincike shi ne su daina tsayawa nan.

Mutum uku ko huɗu sun isa su zama masu binciken: shugaban sashe, makaniki ko mai gyaran wuta, da wakilin ma'aikata. Kada dai wanda abin ya faru a sashensa ya jagoranci binciken, don ba mai son tona wa kansa asiri.

Abin da za a fara koya musu shi ne aikin awa ta farko. A kula da wanda ya ji rauni, a kashe wutar injin, a kewaye wurin da igiya. Kafin mai shara ya goge man da ya zube, a ɗauki hoto daga nesa, daga tsakiya, sannan daga kusa, a ajiye biro gefen abin don a gane girmansa. Shaidu kuma a ji ta bakinsu ɗaya bayan ɗaya, a ranar, a inda abin ya faru. Idan aka tara su wuri guda, duk za su bi maganar babba. Kuma kada a ce "me ya kai ka?" A ce "nuna mini yadda kuke yin wannan aikin kullum."

Sai tsarin tambayar "me ya sa" har sau biyar, wanda kamfanin Toyota ya shahara da shi. Mu ɗauki injin casar shinkafa da bel ya kama hannun yaro. Me ya sa hannunsa ke wurin? Yana cire ƙaiƙayin da ya toshe. Me ya sa injin ya tashi? An ɗauke wuta, ba a kashe makunni ba, wuta ta dawo. Ina murfin bel ɗin? An cire shi tun gyaran baya. Me ya hana a mayar? Bel yana yawan zamewa, kwance kusoshi kowane lokaci na cin lokaci. Me ya sa yake zamewa? Ya tsufa, an nemi sabo ba a saya ba. To, ka ga laifin ya bar hannun yaro ya koma ofis.

Wajen gyara akwai jeri, kuma a nan ake yawan kuskure. A fara da kawar da haɗarin ko sauya abin da ke jawo shi, sannan gyaran injin: sabon bel, murfi mai hinji, makunnin da ba ya tayar da injin da kansa idan wuta ta dawo. Sai ƙa'idar aiki, kamar sa kwaɗo a makunni, makullin a aljihun mai gyara. Kayan kariya su ne na ƙarshe. Safar hannu ma kusa da abin da ke juyawa ƙara haɗari take yi, domin ita injin ke fara kamawa.

A Najeriya, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki cewa ya ji rauni, shi kuma wanda ya ɗauke shi aikin kwana 7 ya kai rahoto ga NSITF, hukumar da ke kula da biyan diyyar. Kada a jira kammala bincike kafin a kai.

Atisaye ya fi lacca. A ba masu koyo wani haɗarin da aka tsallake rijiya da baya, kamar buhun da ya faɗo bai samu kowa ba, su bincika shi daga farko har ƙarshe. Kowane gyara a rubuta sunan mai yin sa da ranar gamawa, bayan wata guda kuma wani daban ya je ya duba ko murfin yana nan.