Land Rover ɗin marigayi da aikin manifol

Mota ce da aka jawo mana ita da igiya daga Zariya har garejina a nan Kaduna, Land Rover Series IIA ƙirar 1969, sitiyarinta a dama tun na kafin Najeriya ta canja hannu a 1972. Wanda ya kawo ta ya ce ta mahaifinsu ce, Allah ya jiƙansa, kuma shi ba sayarwa zai yi ba, so yake ta tashi ya riƙa shiga da ita gona kamar yadda tsohon yake yi. Irin wannan aikin ni ina sonsa wallahi, duk da na san motar za ta kwana biyu ta tare min wajen da zan iya sallamar Corolla biyar.

Da muka sa batir muka zuba sabon fetur ta tashi, amma da wata ƙara tif tif tif kamar ana buga gwangwani, in ta ɗauki zafi sai ƙarar ta ragu. Duk bakaniken da ya daɗe a harkar ya san wannan, manifol ɗin salansa ne ya tsage, wato ƙarfen da yake tattara hayaƙi daga injin ya kai shi bututun salansa, in ƙarfen ya yi zafi ya buɗa sai tsagar ta ɗan matse. Na haska tocila sai ga baƙin hayaƙi ya zana layi a jikinsa, ga kuma tabon walda har biyu da wani ya taɓa yi. Ƙarfen zubi ne, ba ya son walda irin ta ƙofa da taga, in ba a gasa shi duka kafin a yi ba sannan a bar shi ya huce a hankali cikin yashi ko toka, gefen waldar zai sake tsagewa. Na ce masa Alhaji wannan ya gama aikinsa, sabo za mu nema.

Injin nan mai 2286cc yadda Turawan Solihull, garin da ake ƙera Land Rover a Ingila, suka yi shi, manifol na shigar mai da na fitar hayaƙi gefe ɗaya suke, na shiga wanda yake alminiyom yana zaune a kan na hayaƙi, an ɗaure su tare da gasket a tsakani, don zafin hayaƙin ya riƙa dumama ƙasan kafireta fetur ya gauraya da iska da kyau. Saboda haka ba ka taɓa ɗaya ka bar ɗaya. Da muka raba su sai muka ga na alminiyom ɗin ma ya cinye ta ƙasa, farce ma yana ɓantarar shi. Na zagaya Panteka kwana biyu, na aika Ƙofar Ruwa a Kano, duk wanda aka samo ko ya tsage ko kunnensa, wato inda ake ɗaure shi da noti, ya karye, a ƙarshe dai ɗan Alhajin ne ya yi odar su biyun daga Ingila muka jira kusan wata guda.

Cirewar ita ce wahalar. Notin da ya shekara hamsin yana shan wuta yana hucewa ba ya fita da ƙarfi, lallaɓa shi ake. Kwana uku ina sa yaro yana ɗiga musu birki oyel da kananzir safe da yamma. Kuma kan notocin inci ne ba milimita ba, sufana rabin inci suke so, in ka sa lamba 13 za ta shiga kamar ta yi amma akwai ɗan wasa, kana dannawa sai ta murje kan notin shikenan ka jawo wa kanka aiki. Tun ina yaron gareji maigidana ya bar min saitin sufanun inci, har yau a kulle suke a akwatina ba na ba da aronsu.

Duk da haka ƙusa ɗaya ta karye a cikin top, wato kan injin da ake ɗaura manifol a jikinsa, can ta baya kusa da bangon injin inda hannu ba ya shiga sosai. Yaron da ya karya ta jikinsa har rawa yake, ya ce Oga wallahi a hankali na ja. Na ce na sani, ba laifinka ba ne, tsatsa ta riga ta cinye rabinta. Ban yarda an sa dirila ba, don in ta goce ta ci zaren top ɗin an shiga wata maganar. Noti muka ɗora a kan guntun, mai walda ya cika tsakiyarsa, muka bari ya huce, zafin nan shi yake karya tsatsar. Sau biyu notin yana ɓallewa, a na uku na ji ta motsa, na riƙa yi gaba kaɗan baya kaɗan ina ɗiga mai har ta fito.

Toh sabon kaya kuma kada ka ce don sabo ne ka ɗaura kawai. Na ɗora rular ƙarfe a fuskar manifol ɗin hayaƙin na ɗaga shi wajen rana, sai ga haske yana leƙowa ta ƙarƙashi a bakin rami na ƙarshe. Gasket ba zai cike wannan ba, sati biyu zai ƙone. Na manna sanfefa a kan gilashi mai kauri na zauna ina gogawa ina dubawa har la'asar. Sannan kunnuwan na shiga da na fita akwai inda maɗauri ɗaya yake danne su tare, in ɗaya ya fi kauri ko da kaɗan ne to shi kaɗai zai matsu ɗayan ya zauna sako-sako yana shan iska, wannan ma sai da na rage da fayil.

Wajen ɗauri ne mutane da yawa suke ɓata aikin. Sai su haɗa manifol biyun a ƙasa su ɗaure tam sannan su kai jikin top, alhali fuskokinsu ba su daidaita ba, suna matsewa sai kunne ya ce ƙas. Ni notocin da suka haɗa su da hannu kawai nake murzawa, in kai su jikin top tare, in fara ɗaurewa daga tsakiya ina fita waje kaɗan-kaɗan zagaye uku, sai sun kwanta da kansu sannan in dawo in matse na tsakaninsu. Bututun salansa kuma notin tagulla na sa masa, don wanda zai kwance bayana kada ya sha abin da na sha.

Da muka tayar ƙarar ta ɗauke amma sulo ya ƙi zama, tana hawa tana sauka. Na ɗauki guntun tiyo na sa ɗaya bakin a kunne ina bin gindin kafiretar da ɗayan, sai na ji tsiii. Kafiretar ƙirar Zenith ce, kuma an san su da lanƙwasa in sun tsufa. Na ce wa yara kada wanda ya fesa fetur a nan don neman inda iska take shiga, manifol mai zafi yana ƙasa, gobara ba ta sallama. Ita ma kafiretar gilashi da sanfefa ta sha, aka sa sabon gasket, sai injin ya zauna lafiya lau har kana iya jin ƙarar tafet.

Na tuƙa ta zuwa Mararrabar Jos na dawo, na bar ta ta kwana ta huce, da safe na sake bin notocin duka kuma kowanne sai da ya ƙara ɗan tafiya. Ranar da Alhaji ya zo ɗauka bai shiga ba tukuna, ya tsaya gefen bonet yana saurare, can ya ce Malam haka take yi lokacin da Baba yake kai mu makaranta. Na ce masa in ya yi sati biyu yana hawa ya dawo da ita in ƙara duba ɗaurin, wannan ba sai ya biya ba.