Banatin Kaka Ba Wuƙar Tsire Ba Ne

Ran Asabar ina zaune bakin shagona a Agege, sai yaron da ke tsire a tsallaken titi ya tsayar da mai wasa wuƙa. Ya warware wani tsumma, na hango dogon ƙarfe baƙi cikin kuben fata. Na ce, "Kai, kawo abin nan in gani." Banati ne, wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindigar sojan Ingila, kaifinsa inci 17. Na murza gindin ƙarfen da babban yatsa, sai ga kambin sarki, ga 1907. Ya ce na kakansa ne, daga gida ya taho da shi, so yake a rage masa tsawo a wasa shi ya riƙa yanka nama. "Baba, ai kwanciya kawai yake yi a akwati."

Da bakina na taɓa faɗin wannan maganar.

Mahaifina ya yi yaƙin Bama a runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ku da kuke wuce Barikin Dodan, ko Arakan da Tamandu a Apapa, ko Barikin An a Yaba, kuna zaton sunayen Yarbanci ne, to wurare ne a Bama inda iyayenmu suka sha ruwan sama da harsashi. Da aka sallame shi ya kama gadi a wata makaranta, yana kuma koya wa ɗalibai fareti. Da aka daina faretin, aka bar masa wata matacciyar bindiga, Lee-Enfield, mai cin harsashin .303 a zamanin da take da rai. An toshe bututunta, an buga mata haruffan DP, an zagaye ta da farin fenti, alamar ta fareti ce kawai. Ko ɓera ba za ta kashe ba.

Har yau ina ganinta. Katako ya rufe ta har baki. A gindi akwai tagulla da ɗan murfi inda soja ke cusa kwalbar mai. Ga wani ɗan tambari kamar sawun kaza, shaidar kayan gwamnatin Ingila. A wuyan ƙotar akwai wurin da ya yi baƙi ya yi santsi, gumin tafin hannun mutanen da ban sani ba, na ƙarshensu babana. Duk Juma'a kafin masallaci sai ya goge ta da tsumma.

Ya rasu a 1983, ina ɗan shekara 21, kaina cike da silima. Na kai ta wurin wani kafinta, na ce a yi mini ita irin ta fim. Aka datse katakon gaba, aka cire tagullar, aka bi ƙotar da sanfefa har ta yi fari fat, aka fesa mata baƙin fentin mota. Ni na tsaya a kansa ina cewa ya ƙara gogewa. Wurin nan mai santsi, cikin minti biyar ya zama gari a ƙasa.

Amma fa a yi mini adalci. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga abin da haruffan nan ke nufi. Baba ba ya hirar yaƙi, in ka tambaye shi sai ya aike ka sayen goro. Kuma ba ni kaɗai ba ne sakarai. Bayan yaƙin an zubar da irin waɗannan bindigogi a kasuwannin Amurka da Kanada da arha, mafarauta suka yi ta datse su don su rage nauyi, ga shi yau wadda ba a taɓa ba ita masu tara kayan tarihi ke bi da kuɗi. To amma su ko ba komai sun ci naman daji. Ni hoto ɗaya na ɗauka da tawa, shi ma ya ɓata.

Sai 1984 ta zo da dokar soja mai lamba 5 kan fashi da makami, wadda ta ce a kama ka da bindiga ba lasisi, tara ce ko ɗauri na aƙalla shekara 10. Farin fentin da haruffan da za su yi mini shaida cewa matacciya ce, ni na kankare su, na mayar da ita kamar ta ɗan fashi. Garin neman gira aka rasa ido. Wani dare na naɗe ta a tabarma na sake ta cikin ruwa daga kan gadar Carter. Ban gaya wa mahaifiyata ba har ta koma ga Allah.

Na yi niyyar jero muku shawara goma, na duba na ga biyu gare ni.

Abin da ka gada na tsohon soja, banati ne, lambar yabo ce, akwatin ƙarfe ne, kada ka kai shi bakin inji. Tsumma da ɗan mai sun isa. Tsatsa ana tsayar da ita, ƙarfen da aka wasa kuwa ya tafi. Wayar nan da kuke wuni kuna murguɗa baki a gabanta, ku ɗauki hoton tamburan da ita, ku je wurin tsohuwar da ta rage a gida ku tambaye ta. Amma ina, ku ai komai sai ya yi ƙyalli.

Ta biyu, in bindiga ce, kada ka ajiye ta ma. Dokar makamai ta 1959 ta ambaci .303 cikin haramtattun makamai. Kada ka gyara ta, kada ka sako ta a motar shanu zuwa Legas. Ka nemi hukuma ta hannun mai unguwa, ka roƙa ta ƙare a gidan tarihi irin na Onikan. Na sani, yanzu na ce ka riƙe gadonka, ga shi ina cewa ka miƙa. Haka abin yake, ni ma ban warware shi ba. Kai, wani lokaci har ina cewa ƙarfen da aka ƙera don cikin mutum, in ya koma yanka tsire ai ci gaba ya samu.

Duk da haka na zaro kuɗi na ba yaron ya sayi sabuwar wuƙa. Ya ce, "Allah ya saka, Baba," ya naɗe banatin ya tura ƙarƙashin tebur, kusa da buhun gawayi. Mai wasa wuƙar kuwa kullum da hantsi yake bi ta layinmu.