Asabar: mun raba aikin da ke kan wayar Baba

Yau dai Allah ya yi, mun zauna taron da muka daɗe muna ɗagawa. Wani aji aka ara mana a wata makaranta da ke gefen Bauchi Road, kuma da sanyin Jos na wannan lokaci ban yi zaton mutane za su fito da wuri ba, amma kafin ƙarfe goma benci ya cika, wasu na tsaye a bakin taga da hular sanyi har kunne. Magana ɗaya ce a takardar taro: sake fasalin 'yan sa-kai.

Aikinmu nemo wa marasa lafiya masu ba da jini kyauta. Mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, yaro mai sikila da jininsa ya yi ƙasa, wanda aka kwaso daga hatsarin mota. Tun kafuwar ƙungiyar komai ta wayar Baba Shugaba yake bi. Dangi su kira shi, shi ya saka a zauren WhatsApp, wanda ya gani ya amsa. Da muna 'yan kaɗan hakan ya wadatar. Yanzu zauren ya cika maƙil, kuma abin da ke yawo a ciki ya fi ƙarfin aikin: gaisuwar Juma'a, sanarwar ɗaurin aure, ta'aziyya, har da tallar atamfa. Saƙon neman jini sai ya nutse a tsakiyarsu cikin minti goma. A watan jiya wata baiwar Allah ta haihu da tsakar dare, jini ya ƙi tsayawa, rukuninta kuma O negatif ne. Wayar Baba ta mutu saboda unguwarsu ta kwana babu wuta. Sai da mijin ya faɗa hannun masu sayar da jini da ke raɓe a bakin ƙofar asibitin. Ta rayu, alhamdulillahi, amma tun ranar nake jin abin a raina, don muna da masu irin jininta a littafi, suna barci a gidajensu ba wanda ya tashe su.

A matsayina na sakatariya ni aka ɗora wa bin littafin sunaye ɗaya bayan ɗaya, kuma da rahotona aka buɗe taron. Na faɗa musu abin da na tarar ba tare da kwaskwarima ba. Da yawa ɗaliban Jami'ar Jos ne da suka rubuta suna suna aji biyu ko uku, yanzu sun gama, wasu na bautar ƙasa a wata jiha. Wasu layin ya daina shiga. Wasu sun amsa da fara'a amma ba su san rukunin jininsu ba. Abin da ya fi damuna shi ne babu inda muke rubuta ranar da mutum ya ba da jini na ƙarshe. Namiji sai ya huta wata uku, mace wata huɗu, kuma wanda bai kai shekara 18 ba ko nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ba a ɗibar jininsa. Mu kuwa mutanen kirkin nan da ba sa iya cewa a'a su muke ta kira, har wani ya je asibiti a auna shi a ce jininsa bai kai ba, ya dawo ya yi asarar kuɗin mota, maras lafiya kuma ya yi asarar lokaci.

Wani matashi da ke taimaka mana da kwamfuta ne ya kawo shawarar farko, ya kuma zana ta a allo da alli: a raba mu unguwa-unguwa. Gangare da jagoranta, Rikkos da nata, Anguwan Rogo, Tudun Wada, Nasarawa Gwong, Bukuru, kowa ya san nasa. Hujjarsa mai ƙarfi ce. An yi shekaru da hana acaɓa a cikin gari, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin keke ya zama abin da mutum zai tsaya ya lissafa. Ka ce wa ɗan sa-kai ya taso daga Bukuru zuwa Lamingo da dare, ka ɗora masa nauyi ba ƙarami ba. Jagoran unguwa kuwa ya san gidan kowa, in waya ta ƙi shiga sai ya je ya buga ƙofa. Kusan kowa ya gyaɗa kai, ni ma haka.

Sai Mama ta ɗaga hannu. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, daga Tudun Wada take zuwa, kuma ba ta cika magana a taro ba. Ta ce, "Ɗana, zo ka sake karanta abin da ka rubuta a allon nan." Ya karanta. Ta ce, "To, ka raba mu Musulmi da Kirista ke nan, ba ka sani ba."

Ajin ya yi tsit. Duk wanda ya girma a garin nan ya san abin da take nufi. Daga rikicin Satumban 2001, zuwa na Nuwamban 2008, zuwa na Janairun 2010, mutane sun yi ta kwashe kayansu suna komawa inda nasu suka fi yawa, har ta kai sunan unguwa kaɗai ya isa ya gaya maka addinin mai gida. Akwai matasa a ƙungiyar nan da aka haifa bayan 2001, waɗanda ba su taɓa shiga wasu unguwannin ba sai ranar da aikin jini ya kai su. Mama ta ce ita abin da ya riƙe ta a ƙungiyar nan shi ne ta ga yaro daga Anguwan Rogo ya miƙa hannu an ɗebi jininsa leda guda domin matar da ba ta san shi ba daga Jenta, kuma ta ga an yi akasin haka. In aka bi unguwa, a hankali kowane jagora nasa zai riƙa nema wa jini a wurin nasa, ba da mugun nufi ba, don dai su ne a kusa. Bayan shekara biyu sai mu wayi gari da ƙungiyoyi biyu masu suna ɗaya.

Gaskiya ta faɗa, kuma na ji daɗin yadda matashin ya karɓa. Bai tsaya kare zanensa ba, ya ɗauki tsumma ya goge allon ya ce, "Mama, to yaya kike ganin za a yi?" Daga nan aka shiga muhawara ta sosai har azahar ta yi, muka tashi salla, muka dawo aka raba masa da shayi, aka ci gaba.

Abin da aka tsaya a kai shi ne a yi shiyyoyi bisa asibitoci. Shiyyar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, shiyyar asibitin ƙwararru na jiha, shiyyar asibitin Jankwano da asibitocin da ke kewayensa, sai shiyyar Bukuru. Asibiti kowa na zuwa, kuma unguwannin da ke zagaye da kowanne a gauraye suke. Kowace shiyya jagora biyu, ba daga unguwa ɗaya ba, wa'adinsu shekara biyu. Za a sayi ƙaramar waya mai riƙe caji a kowace shiyya, ta riƙa zagayawa mako-mako a hannun mai jiran aiki, lambarta ce za a manna a asibiti. Masu rukunin negatif, da yake ba su da yawa, ba za a raba su ba, sunayensu na wuri ɗaya ga dukkan gari. An kuma yarda cewa ba sai mai ba da jini ne kaɗai ɗan sa-kai ba. Mai ciwon da ya hana shi bayarwa zai iya riƙe rajista da kiran waya, mai keke ko mota zai iya ɗaukar mutane. Na nace a rubuta cewa sakamakon gwajin ciwon hanta ko ƙanjamau tsakanin mutum ne da asibiti. Mu rukunin jini da ranar bayarwa kaɗai za mu ajiye, kuma ba jagoran da zai tambayi wani dalilin da ya sa aka dawo da shi.

Duk wannan ana yi Baba bai ce uffan ba. Sai da aka zo maganar lambar waya ya gyara zama ya ce, "Ku fito fili ku ce kun gaji da ni. An ci moriyar ganga." Muryarsa na rawa. Mutumin nan ya yi shekaru yana kwana da waya a ƙarƙashin matashi, lambarsa ce a bakin ma'aikatan jinya da yawa a garin nan. Mu muna maganar tsari, shi kuma abin da ya ba rayuwarsa yake gani ana rabawa a gabansa. Na matsa kusa na durƙusa na ce, "Baba, wallahi ba wanda ya gaji da ku. Tsoro muke ji. Ranar da kuka kwanta rashin lafiya, Allah ya kiyaye, wa dangi za su kira?" Mama ta tuna masa ambaliyar Rikkos ta Yulin 2012, inda suka fara haɗuwa suna rabon kaya, ta ce a lokacin ma ba shi kaɗai ya yi ba. Ya daɗe shiru, sannan ya ce ya amince, amma da sharaɗi: a bar masa zuwa wurin iyaye da limamai da fastoci. Har yanzu akwai gidajen da ake hana yara ba da jini don tsoron za a sayar ko jikinsu zai raunana, kuma irin waɗannan ba sa sauraron ɗan shekara ashirin da biyar. A ganina wannan aikin ya fi riƙe waya nauyi, kuma ba mu da wanda ya kai shi iya shi.

Abin da ya gagare mu shi ne kuɗin mota. Matasa na cewa a riƙa mayar wa mutum abin da ya kashe, wasu dattawa na cewa daga nan ake fara sayar da jini da wani suna. Ni ina tare da matasan, muddin kuɗin keke ne da katin waya kawai, a rubuce, ba ƙari ko na naira ɗaya. Ɗalibin da zai ba da jininsa bai kamata ya koma gida a ƙasa ba. Ma'aji ya ce asusu ba zai ɗauka ba sai an ƙara kuɗin wata, aka ɗage maganar zuwa zama na gaba. Gyaran kundin tsarin ƙungiya kuma sai kwamitin amintattu ya zauna, tunda da shi aka yi mana rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Burinmu kafin 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya, kowace shiyya ta tsaya da ƙafarta.

Na iso gida bayan magariba, na ci tuwo, na fara ware sunaye a shiyyoyi. Farin Gada da Naraguta sun tsaya mini, don ana iya jingina su da shiyya biyu. Gobe bayan an taso daga coci zan kira Mama mu yanke, sannan Litinin in bi waɗanda ba su san rukunin jininsu ba in haɗa musu ranar gwaji.